Muryar da Aka Ba Philemon Ajiya

Philemon Dauda mai hoto ne a Ikara. Shagonsa yana gefen tasha, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai sayar da kunun zaƙi. Haifaffen Malikanchi ne, ɗan manomi. Babansa ya so ya riƙe masa gona, amma tun yana sakandare hankalinsa ya tafi kan wata kyamara da malamin cocinsu yake ɗaukar 'yan mawaƙa da ita. Ya yi shekara uku a Zariya yana koyon aiki, ya dawo ya buɗe nasa. Biki, suna, saukar karatu, Kirsimeti, hoton fasfo, duk shi ake kira, har Makarfi da Kudan. Mutum ne mai sanyin magana, kuma in ya ce maka ranar Talata, to Talatar ce.

A daminar 2019 aka kawo wuta da ƙarfi bayan an ɗauke ruwa, ta ƙone masa kwamfuta da faifan da yake tara hotuna. Aikin shekara shida ya tafi a yini ɗaya. Wata guda yana ba mutane haƙuri, kuma tun daga lokacin bai sake yarda da ajiyar da ke cikin ɗaki ɗaya ba.

Benson, ɗan kawunsa da ke aikin kwamfuta a Kaduna, shi ya nuna masa wata hanya da ya zo gida hutu.

"Yaya, akwai ajiyar da ba ta hannun kamfani ɗaya," in ji shi. "Ana kulle hoton, a yayyanka shi, a raba wa kwamfutocin mutane a ƙasashe daban-daban. In ta wani ta mutu, ta wani tana nan. Kai kaɗai ke da mabuɗin."

"To su me suke samu?"

"Kuɗin haya. Amma ba da naira ake biya ba, da kuɗinsu na kirifto ne, token. Ka saya ka zuba a walat ɗinka, wato asusunka na cikin waya, a riƙa cira a hankali. Abu ɗaya dai, kada ka bari walat ɗin ya bushe. In ya bushe za su jira ka kaɗan, daga nan kowa ya share abin da ke wurinsa."

Philemon ya tura wa wani ɗan kasuwa naira ta banki, bayan minti goma token suka shigo. Ya rubuta kalmomin mabuɗin a takarda, matarsa Veronica ta saka cikin akwatin da take ajiye takardun haihuwar yara. Ya gwada: ya ɗora hoton 'yarsa Jessica, ya goge na kwamfuta, ya sake saukewa. Hoton ya dawo lafiya. Ranar har mai gyaran rediyo sai da ya kira ya gani.

Ya sayi token da za su kai shi shekaru, don a lokacin da arha suke. Labari ya bazu cewa Philemon yana ajiyar da wuta ba ta ci. Mutane suka riƙa kawo memori da tsofaffin hotuna, yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Cikinsu akwai Lantana, wata dattijuwa daga Saulawa. Ta zo wata ranar kasuwa a ƙarshen 2020, ta kwance bakin zane ta fito da waya mai fasasshen gilashi. Ta ɗanta ce, Uwaisu, wanda ya bi motar tumatir zuwa Kudu, motar ta kife da su a hanya. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta. Wayar aka kawo mata tare da hularsa.

"An ce muryarsa na ciki," in ji ta. "Ni ban iya ba. An ce kai ka iya."

Philemon ya haɗa wayar da kwamfuta. Akwai hotuna, akwai saƙonnin murya, akwai bidiyon Uwaisu a gonar rake yana waƙa yana dariya, wani yana ce masa ya yi shiru muryarsa ba daɗi. Ya kunna mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta ce ya sake.

"Inna, na adana miki," ya ce mata. "Ko wannan shagon ya ƙone, yana nan. Duk ranar da kika so ji, ki zo."

"To wayar fa?"

"Ba ki da sauran buƙatarta. Ki bayar a gyara wani ya mora."

Haka ta yi. Aka gyara, aka wanke duk abin da ke ciki, ta ba ɗan ƙaninta. Shi ma Philemon da kwamfutarsa ta cika, sai ya goge nasa kwafin, tunda yana can sama a ajiye.

Bayan 'yan watanni farashin token ɗin ya tashi. Kullum ya buɗe waya sai ya ga abin da ya saya da arha ya ninka. Ya daɗe yana son wata kyamara da ya gani a Kaduna, irin wadda masu hoton Zariya ke ƙwace masa manyan bukukuwa da ita. Ya ce wa kansa abin da ya hau zai sauko, in ya sauko sai ya sake saye. Ya sayar da kusan duka, ya bar ɗan kaɗan, ya sayi kyamarar da ƙaramin janareto. Bai gaya wa Veronica daga ina kuɗin suka fito ba, ya ce mata ciniki ne.

Kuma farashin ya sauko, ya faɗi warwas. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai har yau, don da kuɗin hoton biki ɗaya zai iya cike walat ɗin. Ba rashi ba ne. Sabuwar kyamara ta kawo aiki, yau Makarfi, gobe Paki, jibi Kudan. Saƙon gargaɗi ya shigo, ya karanta, ya ce gobe. Na biyu ya shigo ana tsakiyar bukukuwan Disamba, ya ce bayan sabuwar shekara. Na uku bai ma buɗe ba.

Da ya tuna ya shiga, sunayen ajiyar suna nan a jere, amma duk wanda ya taɓa ba ya buɗewa. Ya kira Benson.

"Yaushe ya bushe?"

"Wata biyar, ina jin."

Benson ya ce, "Yaya, babu ofishin da za a je. Babu wanda za a roƙa. Mutanen da ke riƙe da shi ba su san ka ba, sun ba wa wasu wurin."

Philemon ya rufe kwamfuta ya ci gaba da aiki. Yawancin mutane ba sa dawowa neman abin da suka ba da ajiya, ya sani. Ya kusa shekara babu wanda ya tambaya.

Sai ga Lantana. Ta rame, idonta ya fara yana, tana lalube kafin ta zauna. Suka gaisa, ya gida, ya gona, ya jikin. Sannan ta ce, "Ɗana, muryar ce take ɓace mini. In na rufe ido ina ganin fuskarsa, amma ba na jin yadda yake kirana. Kunna mini."

Ya buɗe kwamfuta, ya danna nan ya danna can, yana sane babu komai.

"Inna, yau netwok babu kyau. Ki dawo wani makon."

"Ba komai, Allah ya kai mu."

Ta dawo ranar kasuwa ta gaba, a kan babur ɗin haya, ta kawo masa ƙwan zabi a leda. Ya ce mata Turawan da ke can suna gyara. Ta sake dawowa da ƙullin daddawa, ta ce a kai wa uwargida. A karo na huɗu da ya hango ta tana saukowa daga babur, sai ya fita ta baya ya tsaya bayan masu faci har ta gaji ta tafi. Mai kunun zaƙi ta ce masa tsohuwar ta yi awa biyu a kan benci, kuma ta ce a gaishe shi, kada ya damu, ta san aiki ya yi masa yawa.

Da ya koma gida ya kasa cin tuwo. Daddawar Lantana ce a miyar.

"Baban Jessica, lafiya?" in ji Veronica.

Ya gaya mata duka, har da kyamarar. Ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Ƙwan ma mun ci," ta ce. "Ni na soya wa yara." Sannan ta ƙara da cewa, "Ɓatan ban ce komai ba, kowa na kuskure. Amma matar nan kuɗin babur take biya tana zuwa ka yi mata ƙarya. Gobe ka je. In ba za ka je ba, ni zan je."

Da safe ya hau babur ɗinsa zuwa Saulawa. Ya same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa. Ya cire takalmi ya durƙusa. Da ta ji muryarsa sai fuskarta ta washe, ta ɗauka ya kawo mata ne har gida.

"Inna, ba netwok ba ne. Babu gyaran da ake yi. Kuɗin da ake biyan ajiyar na cire na sayi kayan aiki, ban mayar ba, aka share. Babu muryar, babu hotunan. Ni na yi, kuma na sani tun dawowarki ta farko."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

"Kai ka ce in ba da wayar."

"Ni na ce."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta share ido da gefen mayafi. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce, "Tashi ka tafi, rana na yi."

Sati uku ya yi yana bin abokan Uwaisu, daga 'yan lodin tumatir zuwa masu mazarƙwaila a Makarfi, yana tambaya ko akwai mai sauran wani abu a waya. Yawanci sun canza waya. A Kudan ya samu wani direba, Bilya, da tsohon saƙon murya na daƙiƙa goma sha tara. Uwaisu ne yana cewa a riƙe masa buhu biyu na taki, zai zo da yamma, kada a ba kowa. Babu waƙa, babu dariya.

Ya sayi ƙaramar rediyo mai cin memori ya zuba mata, ya kai. Ta kara a kunne ta ji sau uku.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake magana in yana sauri." Ta riƙe rediyon a cinya. "Amma ba wannan na ba ka ba."

"Haka ne, Inna."

"Ka gaida uwargidan."

Philemon yana nan a shagonsa. Bai bar ajiyar ba, ya ce hanyar ba ta yi masa laifi ba. Yanzu walat ɗin a wayar Veronica yake, ita ke sayen token, kuma duk abin da ya ɗora sai ya ba mai shi kwafi a hannu. Lantana ta rasu bara da kaka. Ya je gaisuwa, ya zauna can baya, bai gaya wa kowa ko shi wane ne ba.

Mutum arba'in da 'yan kai ne ajiyarsu ta tafi tare da tata. Ya je ya gaya wa tara. Sauran suna wucewa ta gaban shagon, suna ɗaga masa hannu, shi ma yana ɗaga musu. Ya ce yana shirin zuwa.