Yatsun Nababa da Kogon Jemagu

Nababa taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Shekararsa hamsin da bakwai, gajere ne, ga ƙafa faffaɗa kamar faranti. Tun muna yara nake yi masa tsiyar ƙafar nan, ashe da ita zai ci abinci.

Bayan ƙauyenmu, Kwarin Gawo, a hanyar Tsanyawa, akwai dutse guda ɗaya tsaye a tsakiyar gonaki. Can sama ta gabas akwai kogon da jemagu suka mayar gida tun zamanin kakanni, kashinsu kuwa taki ne da duk mai lambun albasa ke nema ido rufe. Mu nan gona ba ta hutawa, ta kowa tana jingine da ta maƙwabcinsa, in ba ka ba ta taki ba sai ka tashi a tutar babu. To, duk ƙauyen mutum ɗaya ne ke iya kaiwa kogon nan, Nababa. Igiya a ƙugu, buhu a kafaɗa, ƙafa ba takalmi. Ya cika buhu ya zuro mana da igiya, ya sauko yana wari, mu toshe hanci muna yi masa sannu da aiki.

Na taɓa tambayarsa yadda yake ganin wurin sa ƙafa a wannan santsin. Ya ce, "Ba gani nake ba, Sha'aban, yatsun ƙafa ne ke lalubawa. Dab da bakin kogon akwai wata tsaga, yatsu uku kawai take ɗauka. In sun ji ta, na wuce."

'Yarsa ta fari, Zakiyya, wadda ko sunanta ba ya faɗa don kunya, tana auren wani malamin makaranta a Bici, Abdulkabir. Mutumin kirki ne, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ga ƙafar surukinsa duk faso, abin ya dame shi, ya je Kano ya sayo kambas mai ƙasan roba, wai yana kama dutse. Ya zo ya durƙusa ya ajiye a gaban Nababa, ya ce, "Baba, don Allah a riƙa sawa in za a hau." Kuskurensa ɗaya, da tasa ƙafar ya gwada a kasuwa.

Bayan ya tafi, Nababa ya tura ƙafa da ƙyar, har gumi ya keto masa. Na ce, "Kai, wannan ai ya matse ka."

Ya ce, "Zai saki."

Na ce ya jefa shi ƙarƙashin gado mana, wa zai sani? Ya harare ni. "Mutum ya yi tattaki har Kano saboda ni, in nuna masa bai iya saye ba? Suruki ne fa." Ka ji shi! Wata bakwai yana cusa ƙafar nan a ciki, da shi yake hawan dutse, da shi yake zuwa Juma'a, yana tafiya kamar kaza ta taka wuta.

Ciwon ya fara ne a ƙafar dama. Da farko ya ce kamar akwai tsakuwa a ƙarƙashin yatsu, ya cire takalmi ya zazzage, babu komai. Sai zafi ya biyo baya, irin na garwashi, yana harbawa tsakanin yatsa na uku da na huɗu. Daga nan yatsun biyu suka mutu, a taɓa su bai san an taɓa ba. Ran nan ya cire takalmin a gindin dutse ya hau kamar da, ina ƙasa ina jiran buhu. Ya kai tsagar nan, na ga ƙafarsa tana shafa dutse tana nema, sai ta zame. Allah ne ya sa hannunsa na riƙe. Ya sauko ba buhu, ya zauna a kan kunyar gona, ya ce, "Ban ji ta ba."

Tun daga ranar bai ƙara hawa ba, ya zama wani shiru-shiru. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce wani abu ya taka. Wanzami ya yi masa ƙaho, matarsa Rahmatu ta dafa sassaƙe ta gasa ƙafar har ta gaji. Ba abin da ya ragu. Ni ma na daina tsokanarsa, don ba daɗi ka tsokani wanda ba ya ramawa.

Da labari ya kai Bici, Abdulkabir ya zo da kansa ya ce sai asibiti. Muka shiga mota mu uku, Nababa kuwa ya sake cusa ƙafa a kambas ɗin, tunda ga mai kyautar a kusa. Haushi ya kama ni.

Likitar da ta duba shi, Dorathy sunanta, ta matse tafin ƙafar daga gefe da gefe, Nababa ya zabura ya yi salati. Ta ce jijiya ce ta kumbura tsakanin ƙasusuwan yatsu, matsi ne ke kawo haka. Ta dubi takalmin ta ce, "Baba, wannan ba ya matse ka?"

Ya saci kallon surukinsa, ya ce, "Lafiya lau yake."

Ba ta yi musu ba. Ta shimfiɗa takarda a ƙasa, ta ce ya taka, ta zagaye ƙafar da biro. Sannan ta ɗora takalmin a kan zanen. Ƙafar ta fito ta kowane gefe, ya kai faɗin yatsa. Abdulkabir ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Baba, a yafe mini." Nababa ya rasa inda zai sa ransa, sai cewa yake, "A'a, a'a, ƙafar ce ba ta da fasali." Ni kuwa na ce tunda haka ne a ba ni, dama ya yi mini daidai. Haka na gaji kambas.

Ta yi masa allura guda a wurin, ta ba shi wani ɗan soso da zai riƙa sawa a bayan yatsu cikin takalmi mai faɗin baki. Ta ce ba hawa sai bayan wata huɗu, kuma ta faɗa masa gaskiya, zafin zai tafi amma jin yatsun ba ta yi alkawari ba. Kullum da safe zai murza tafin ƙafa a kan kwalbar ruwan randa, ya baje gyaɗa a tabarma ya riƙa ɗauka da yatsu yana zubawa a kwano. Dattijo da furfura yana tsintar gyaɗa da ƙafa! Nan na samu abin tsokana, shi ma ya fara ramawa, na san sauƙi ya zo. Zafin ya lafa kafin a yanke gero. Yatsun dai, in na tambaya, sai ya ce, "Kamar dai, kamar dai."

Bayan an gama kaka, masu lambu sun fara gyaran fadama, wata Talata da hantsi ya zo ƙofar gidana da igiya a ƙugu. Rahmatu ba ta so ba, ni ma ban so ba, amma na bi shi. Ya hau a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Da ya kai tsagar sai ya tsaya cak. Ina hango ƙafar tana shafa dutse. Har na buɗe baki zan ce ya sauko. Sai na ga ya ɗaga jiki ya shige kogon.

Rabin buhu ya zuro. Da ya sauko yana ɗingishi, na ga jini a yatsa na huɗu, dutse ya ɗaye masa fata. Na ce, "Ka gani ko? Ka je ka jawo wani ciwon!"

Ya zauna a ƙasa ya kama yatsan ya matsa, ya yamutsa fuska, sai ya fashe da dariya, ga hawaye a idonsa.

"Sha'aban, zafi yake yi," in ji shi. "Wallahi zafi yake yi."