Hannun Bishop Rulon

Shekarar da na rasa mijina Dell, duk safiyar da ƙanƙara ta zuba sai in tarar an share mini hanya daga ƙofa har bakin titi. Na yi wata biyu kafin in gano mai yi. Rulon Thueson ne, bishop ɗinmu na lokacin. Nesa yake ajiye motarsa don kada in ji, ya gama ya tafi ko sallama babu.

Manomi ne kamar kowa a kwarinmu na kudancin Utah. Talotalo yake kiwo, shi ne kuma mai rabon ruwan gonaki. Mu ba a makaranta ake yi mana bishop ba. A cikinmu ake kiran mutum, jiya yana kwasar kashin kaji, yau shi ne uban jama'a. Ranar da aka kira Rulon, Dell ya tare shi a ƙofar majami'a.

"Kai ne bishop? Lallai Ubangiji ya rasa ma'aikata!"

"Iya bakinka," in ji Rulon. "Takardar izinin shigarka Haikali, ɗakinmu mafi tsarki, yanzu sai na sa hannu."

Tare suka tashi tun suna yara, kowa ya san wasansu.

Bayan shekara biyu, wata Juma'a, doki ya shuri Dell a ciki. Ya shigo gida da ƙafarsa, amma fuskarsa ta yi fari fat. Asibiti tafiyar awa uku ce. Na aika aka kira Rulon, ya zo da mataimakinsa. Ya kwance 'yar kwalbar man zaitun tsarkakakke da ke maƙale da makullansa, aka ɗiga a tsakar kan Dell, suka ɗora masa hannuwa a ka don sa masa albarka. Muryar Rulon ba ta yi rawa ba. Ya ce, "Za ka tashi, girbin bana da hannunka za ka yi shi."

Dell ya yi murmushi. "Kin ji ko, Verda? Mayar da makullin mota."

Na bi Rulon har ƙofa, na ce a hankali, "Bishop, ko dai mu kai shi?"

"Ku bari zuwa Litinin, 'yar'uwa Verda. Abin da aka sa a bakina na faɗa."

Ranar Lahadi da rana Dell ya cika. Likita ya ce jini ne ya yi ta zuba ta ciki.

Ba wanda ya ce bishop ya yi kuskure, wa zai fara? Wasu suka ce girbin lahira ake nufi, ba na nan ba. Wata kuwa, muna wanke kwanukan zaman makoki, ta ce, "Albarka fa sai da bangaskiya. Idan akwai mai shakka a gida..." Ba ta ƙarasa ba. An ji tambayar da na yi a ƙofa.

Tun daga ranar tsoro ya zauna mini a ƙirji. In Rulon gaskiya ya faɗa, to shakkata ce ta kashe mijina. In kuwa kuskure ya yi, me zan riƙe? Irin wannan hannun ne ya ɗaura aurena da Dell a Haikali har abada. Duk shekara da aka ce masu goyon bayan shugabanni su ɗaga hannun dama, nakan ɗaga nawa bayan na kowa.

Amma ina lura da Rulon. Bai ƙara yi wa maras lafiya alkawari ba. Yakan ɗora hannu ya yi shiru har mutane su fara buɗe ido, gumi yana bin wuyansa, sannan ya ce, "Nufin Ubangiji ya tabbata," ya juya ga iyalin. "An kira likita?" Aka riƙa cewa tawali'u ne ya yi masa yawa. Ni na san irin wannan gumin.

Shekara talatin da ɗaya muna gaisawa, ba mu taɓa zancen ba. A kakar bana 'yarsa ta zo ta ce yana nemana. Na same shi a kujera kusa da taga, ya rame, an lulluɓe masa gwiwa da bargo.

"Zauna, Verda. Kin tsufa."

"Ka ga madubi kuwa, Bishop?"

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya ce, "Ranar nan ta Dell ban ji komai daga Ubangiji ba. Na ɗora hannu na jira, shiru. Na duba na ga Dell ne, sai na faɗi abin da nake so, na jingina wa Ubangiji."

Na tsura masa ido. Ya ci gaba.

"Ubangiji bai yi ƙarya ba, ni na yi. Ke kuma ba ki da laifi. Na ji abin da ake faɗa a kanki na yi shiru, don ina tsoron jama'a su watse. Yanzu ga ni zan je in same su, Ubangiji da Dell." Ya damƙe hannun kujera. "Ranar jana'izata za a nemi mai ba da tarihina. Na ce ke. Za su so a yaba ni. Don Allah, Verda, ki faɗa musu wannan, sabon bishop yana zaune yana ji."