Gorubar da Yaya Dije Ta Hana a Sare

Da damanar bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Dije. Har yanzu idan iska ta ratsa ganyen kaba da yamma, nakan ji kamar ita ce a bayan ɗaki tana saƙar tabarma, tana rera waƙar da ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba.

A wani ƙauye da ke arewacin Gazawa muka tashi. Ita ta goye ni, ita ta raka ni lakol ranar farko, duk da ita ba ta taɓa zama a aji ba. Bayan ta yi aure, wata shekara ana sassabe a gonar mijinta, sai ta tsaya a gaban wani tsiron goruba ta ce a bar mata shi ya yi sama. Mijin ya yi dariya, ya ce wa ya sani ko namiji ne, wanda ba ya 'ya'ya. Ta ce, "Mace ce. Ku dai bar ta." Ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ta hana kowa yankar kabarta, har da ita kanta mai neman kaba kullum.

An ce abin da mutum ya shuka shi zai girba, amma Yaya ba ta girba ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta ana tsakiyar noma, ta bar 'yarta Nana tana shekara uku, ni na riƙe ta. Sai bayan ta kwanta dama gorubar ta yi rassa biyu, ta zubo 'ya'ya ja-ja-wur.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta leƙo yau. Tabarmar roba ta cika kasuwa. Gonakin da muka sani fayau sun yi duhu da itatuwa, don mutane sun daina sare tsiro; na san wannan zai sa ta murmushin nan nata na gefen baki. Kuma kowa na yawo da hoton 'yan'uwansa a waya, alhali ita hotonta ɗaya ne tak, na katin ɗan ƙasa, shi ma gara ta cinye.

Wannan rashin hoton ne ya dame ni bara, da Nana ta ci jarrabawa za ta tafi kwaleji a Gazawa. Muna tsince wake ta ce, "Inna, idan aka tambaye ni uwata, mi zan ce? Ni ban san ta ba." Ba kuka take ba, tambaya ce kawai.

Ranar kasuwar Cadawa na ɗebi ƙodagon gorubar a ƙwarya, na je wurin wani dattijo mai sassaƙa tasbaha. Ya fasa ɗaya, ya nuna mini farin ƙwallon da ke ciki, mai tauri kamar haƙori. Na roƙe shi ya yi mini abin wuya. Da ya ji labarin sai ya miƙo mini magagari, ƙarfen da yake guga da shi, ya ce, "Wannan ba aikin hannuna ba ne, ɗiyata. Zauna in gwada miki."

Wata uku na yi ina yi. A yanka, a goge da magagari, a huda da basilla, a jiƙa a lalle har farin ya koma ruwan zuma. Na fasa da yawa, yatsuna suka yi kanta. Mai haƙuri ne ke dafa dutse, ni kuwa ban taɓa zama mai haƙuri ba. Amma duk la'asar idan na zauna a inuwa, ƙurar ƙwallon na sauka a zanena kamar garin gero, sai wani abu nata ya dawo mini: yadda take lanƙwasa ɗan yatsa in tana saƙa, tsagar da ke kuncinta, tsoron da take wa ƙadangare. Nana na gefe, ina yi ina faɗa mata.

Kawunmu Sale ya tarar da mu wata rana, ya ɓata rai. "Rabi, laya kike haɗa wa yarinya? Mamaci addu'a yake so." Na ce, "Addu'a kullum muna yi, Kawu. Wannan ba ya tsare komai, ba ya maganin komai. Iccen Yaya ne." Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafin hannu, sannan ya ce, "Ashe dai gorubar nan mace ce."

Ranar tafiya na ɗaura mata shi a tasha. Ƙwayoyin ba su yi daidai da juna ba, wata doguwa, wata a karkace. Ta sa shi cikin riga ta shiga mota.

To me ya rage na Dije? Tabarminta sun mutu tuni. Gorubar ma wata rana iska za ta kayar, abin wuyan kuma zarensa zai tsinke. Na ɗauka iyakar gadon ke nan, sai da Nana ta dawo hutu na ga abin wuyan ya gajarce. Na tambaye ta ko zubewa ya yi.

Ta ce, "A'a, Inna. Akwai wata a ajinmu, uwarta ta rasu, ba ta da komai nata. Na kwance na raba mana."

Ban taɓa gaya mata cewa uwarta ba ta iya cin goro ita kaɗai ba, sai ta ɓare ta miƙa wa na kusa. Wannan ba ni na sassaƙa shi ba.

Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya sa inuwar da ta bari ta bi ta har makwancinta.