Kawu Ya Ajiye Makullin Mota

Kawuna malamin tuƙi ne, gajere mai faɗin kafaɗa, yayan mahaifiyata. Rabin direbobin unguwarmu a hannunsa suka fara riƙe sitiyari. Motar koyarwarsa fara ce, kujerar direbanta duk ta lotsa saboda zaman mutane iri-iri: 'yan kasuwa masu tumbi, ma'aikatan asibiti, matan da ke fara salati tun kafin a kunna inji.

Ranar farko ba ya barin kowa ya taɓa makulli. Ni ma zamana 'yar ƙanwarsa bai cece ni ba.

"Kawu, ni fa tuƙi na zo koyo, ba zama ba."

"Ai zaman ma ba ki iya ba. Jingina bayanki sosai. Miƙa hannu, ki ɗora wuyan hannunki a saman sitiyari. Ya kai?"

Bai kai ba. Sai ya nuna mini wani ɗan mariƙi a ƙarƙashin sitiyarin. Na ja shi ƙasa, sitiyarin ya saki, na jawo shi kusa, na sauke shi kaɗan har ina hango allon gudu ta tsakiyarsa, gwiwata kuma ba ta gogarsa.

"Ƙirjinki zai kalla, ba fuskarki ba," in ji shi. "Ranar da aka yi karo jakar iskar cikin sitiyarin ta buɗe, ba na son in tsaya gaban uwarki ina kame-kame. Kulle shi. Girgiza ki ji ko ya kama. Kuma kada in ji kin taɓa shi mota tana tafiya."

Wuni yake yi a kujerar gefe, ƙafarsa a kan ƙarin birkin da aka sa wa malami. Da yamma, in ɗalibi na ƙarshe ya sauka, sai ya zagaya ya karɓi kujerarsa, ya mayar da komai daidai jikinsa, ya bi doguwar hanya zuwa gida. Matarsa kan ce abinci ya huce, shi kuma ya ce go-sulo ne. Kowa ya san ba wani go-sulo.

Ciwon sukari ne ya fara cin idanunsa. Da fari ya ce gilashin motar ne ya yi datti, ya yi ta gogewa. Wata rana mai keke ya gifta gabansu, ɗalibar da yake koya wa ce ta taka birki; shi bai ga komai ba sai da ya ji ihun mutane. Ba wanda ya ji rauni. Da ya dawo gida ya kira ni, ya danƙa mini makullin motar a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai.

"Ki riƙa duba mata ruwa," abin da ya ce ke nan.

Ni na koma kai shi asibitin ido. A hanya sai in riƙa ganin ƙafarsa tana neman birki a inda babu buƙata. Ran nan mun fito daga wajen likita, labarin bai yi daɗi ba, sai ya tsaya jikin motar yana shafa murfinta.

"'Yar nan, ara mini kujerar taki. Ba inda za ni."

Na buɗe masa. Ya zauna, hannunsa ya je kan mariƙin nan ba tare da lalube ba. Ya tura sitiyarin, ya ɗaga shi kaɗan, ya kulle, ya girgiza. Ya ce in kunna masa inji. Ya riƙe sitiyarin da hannu biyu, gwiwar hannunsa a ɗan lanƙwashe, yana kallon bangon asibitin kamar titi ne shimfiɗe a gabansa.

Sai ga maigadi ya ƙwanƙwasa gilashi. "Baba, don Allah ɗan matsa gaba, motar marasa lafiya za ta shigo."

"To, yanzu kuwa," in ji Kawu, da muryarsa ta da. Hannunsa har ya kai kan giya. Ya ɗan daɗe a haka. Sannan ya saki, ya buɗe ƙofa.

"Zo ki matsar musu."

A gida ya ba matarsa labarin yana dariya: maigadi ya ɗauke shi direba. Ita ba ta yi dariya ba, ta tashi ta shiga kicin.

An yi masa aiki daga baya. Ido ɗaya ya dawo kaɗan, yana gane fuska in an matso, amma likita ya ce maganar tuƙi a bar ta. Tsofaffin ɗalibansa kan danna masa hon in sun wuce ƙofar gida, yana gane wasu da kukan injinsu.

Makon jiya na same shi a kan benci, ya tambaye ni sabuwar gadar da aka buɗe a bayan kasuwa.

"In kin hau, kwanar hagu take ko dama?"

"Dama, Kawu. Doguwa ce, a hankali take juyawa."

"Da giya nawa kike hawanta?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce in na samu sarari ranar hutu in zo in hau da shi, ya ji yadda take.