Mai Kwashe Katangar Yaƙi

Mutumin nan ba ya ɓoye jahilcinsa, yawo ma yake da shi. Yana tsaye a gindin dutse bayan Bwari, shadda fara ƙal, tumbi a gaba, yana nuna wa leburori da makullin mota duwatsun da za su loda. Duwatsun katanga ne da kakannin ƙauyen suka jera lokacin yaƙi da masu kamun bayi. Daga gani, gida na uku yake ginawa.

Wata tsohuwa ta ce, "Alhaji, a bayan katangar nan kakata ta tsira."

Bai kalle ta ba sai da tifa ta cika. Sannan ya juyo yana murmushi: "Mama, ki samo mini tukunyar zamanin yaƙin. Ina son kayan tarihi a falona."