Inna ta tsallake Kotun Ƙoli

Jiya a Gwashi muna jin rediyo, aka ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'ar gurɓata ruwa da aka daɗe ana ja. Sai Inna ta ajiye faifai.

Dama tana cike da maƙwabcinmu Sale. Wankin ƙasar zinari yake yi, ruwan ya biyo rariya ya kwanta gindin zogalenta. Ta yi magana har ta gaji.

Ta ce, "Kai ɗan boko, ina hanyar wagga kotu?"

Na ce sai an fara daga alƙali, a tafi Gusau, a ɗaukaka ƙara Sakkwato, sannan Abuja. "Ita ce ƙarshe, Inna. Shi ya sa ake ce mata daga ke sai Allah ya isa."

"Ashe akwai ta gaba da ita. Kuma babu wahalar mota?"

Ta miƙe, ta taka turmi, ta leƙa katanga: "Sale, Allah ya isa!"

Yau da safe ga Sale da fartanya, yana canza wa ruwan hanya.

Ban taɓa ganin hukunci mai sauri haka ba. Lauyoyin cikinku, wannan tsallaken ya halatta kuwa?