Gide Mai Rijiya da Tallafin Korona

Gide mutumin 'Yargoje ne, gajere mai faɗin kafaɗa, kuma rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta. Haƙar rijiya ya gada wurin ubansa. Daga Ƙanƙara har Sabuwa, da wuya ka shiga gari ba a nuna maka rijiyarsa ba. Sai dai sana'ar ta mutum biyu ce: ɗaya a ciki yana sara, ɗaya a baki riƙe da igiya, shi ke zura ka, shi ke fito da kai. Mai igiyar Gide tun suna samari Zailani ne, maƙwabcinsa.

Shekarar korona aiki ya yi ƙaranci. Wata ƙungiya ta shigo gari tana neman waɗanda sana'arsu ta tsaya don ba su tallafi. Ranar Gide na ƙasan wata tsohuwar rijiya yana yasa, Zailani na zaune a baki. Suka ga mutum zaune, suka ɗauka marar aiki ne, suka sa sunansa. Bawan Allah ko leƙawa bai yi ya kira Gide ba.

Daga nan duk wata shinkafa da mai da taliya sai gidan Zailani. Kumatunsa suka ciko, kantar hannunsa ta baje. Ƙanshin suya ya riƙa tsallako katanga, Gide na gaban tuwon dawa yana haɗiye shi da baƙin ciki. Hassada ce, kada mu yi mata kwalliya.

Da aka buɗe gari bayan kullen korona, Alhaji Sanusi na Faskari ya ba Gide aikin rijiya, da sharaɗin a gama kafin damina. In ruwa ya same ta a buɗe za ta rufta, sunan Gide ya bi ta. Ya je wa Zailani da maganar.

"Ni hwa ba ni zuwa," in ji Zailani ta bayan takunkumin fuska. "Ciwon nan numfashi yake kamawa."

"Kai da ke sama cikin iska? Ni ke rami, Zailani."

"In an gan ni bakin aiki, yanke mini tallafin za a yi."

Ashe nan gaskiyar take. Gide ya nemi wani mai igiya, duk wanda ya duba sai ransa ya ƙi. Hadari ya fara haɗuwa gabas. Sai ya sa hularsa ya tafi wurin masu tallafi, ya shaida musu Zailani na da sana'a, aiki ma na jiran sa. Watan da ya biyo baya buhu bai zo gidan Zailani ba, Gide kuwa har sai da ya ƙara tuwo don daɗi.

Kwana kaɗan Zailani ya iske shi a Faskari, igiya a kafaɗa. Gide ya yi ta lallaɓawa shi kaɗai da tsani, har ramin ya yi zurfin da in mutum ya faɗa ba ya tashi. Zailani ya ɗaura igiyar yadda ya saba, ya gwada ƙullin, ya miƙa wa Gide.

"An hwaɗa mini wanda ya kai ni," ya ce a hankali. "Bismillah, shiga."

Gide ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya zura ƙafa ɗaya. Ya dubi ramin, ya dubi hannun Zailani. Har aka kira azahar ɗaya ƙafar tana waje.